Abin da ya sa Hausawan Birtaniya ke sukar mulkin Conservative

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam.

Tambayarka ta iso. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, yadda mutanen da aka ba masauki a Birtaniya, 'ya'yansu na karatu kyauta, asibiti na duba su ba a nemi ko sisi ba, za su riƙa sukar gwamnatin ƙasar har su ce shugabanninta ba su da gaskiya. Ka kuma ji cewa Conservative ce jam'iyyar masu riƙo da iyali da al'ada, to ai ita ya kamata ta fi kwanta wa Bahaushe a rai. Ba butulci ba ne, Malam. Jam'iyyar ta yi mulki daga Mayun 2010 zuwa Yulin 2024, ta hannun David Cameron, Theresa May, Boris Johnson, Liz Truss da Rishi Sunak, kuma yawancin dokokin da ta kafa a kan baƙi da marasa ƙarfi a kan gidajenmu suka sauka.

A fara gyara batun kyauta. Ma'aikaci a nan ana cire masa kashi 20 cikin ɗari na abin da ya haura fam 12,570 a albashinsa na shekara, ana cire kuɗin inshorar ƙasa, sannan ya biya harajin ƙaramar hukuma a kan gidan da yake ciki. Wanda ke zaune da biza kuma yana da ƙarin nauyi. Tun 2015 aka ɗora masa kuɗin asibiti na musamman, wanda ake biya gaba ɗaya ranar neman biza. Fam 200 ne a shekara da aka soma, ya koma 400 a 2019, ya koma 624 a 2020, daga Fabrairun 2024 ya kai 1,035 ga babba, 776 ga yaro ko ɗalibi. Magidanci da matarsa da yara biyu, a bizar shekara uku, za su ajiye fam 10,866 kafin a taɓa maganar kuɗin bizar kanta. Masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke musu wannan tun 2020. Bayan haka, a jikin bizar akwai sharaɗin cewa mai ita ba shi da rabo a tallafin gwamnati: ba Universal Credit (tallafin wata-wata na marasa aiki da masu ƙaramin albashi), ba kuɗin yara, ba gidan ƙaramar hukuma. Wanda ya karɓa bisa kuskure yana iya gamuwa da matsala ranar sabunta takarda. Shi ya sa muke gaya wa sabon zuwa kada ya cike fom ɗin tallafi don kawai maƙwabcinsa ya cike.

Batun gaskiya kuma ba zargin 'yan adawa ba ne, hukumomin ƙasar ne suka tabbatar. A Maris 2020 aka rufe masallatai saboda annobar korona. Aka yi azumi babu tarawihi a jam'i, aka taƙaita masu raka gawa, mutane suka rasu a asibiti iyalansu na kallo ta waya. Daren jajibirin babbar sallah, 30 ga Yuli 2020, ministan lafiya Matt Hancock ya sanar da hana ziyara tsakanin gidaje a Manchester da kewaye, bayan mata sun gama cefane. Jama'armu suka bi doka. Daga baya aka gano cewa a cikin wannan lokaci ana ta shagulgula a fadar firaminista da ke Downing Street. 'Yan sandan Landan sun ci tara sau 126 a kan mutum 83, ciki har da Johnson da Sunak. Johnson ya tsaya a gaban majalisa ya ce an bi dukkan ƙa'ida. A Yunin 2023 kwamitin majalisa, wanda 'yan jam'iyyarsa ne suka fi yawa a ciki, ya yanke cewa da gangan ya yaudari majalisa, kuma da bai ajiye kujerarsa ba da dakatarwar kwana 90 za a nema masa. Majalisa ta amince da rahoton da ƙuri'a 354, bakwai kaɗai suka ƙi. Wanda bai samu ya sallaci mahaifinsa ba saboda bin wannan doka, ba za ka raba shi da ɗacin nan ba.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2016 masu neman ficewa daga Tarayyar Turai, Johnson na gaba, sun rubuta a jikin motar kamfen cewa ana aika wa Turai fam miliyan 350 duk mako, gara a ba asibitoci. Hukumar kula da ƙididdiga ta ƙasa ta ce alƙaluman yaudara ne, don ba a cire rangwamen da Birtaniya ke samu ba, balle abin da ke dawo mata. An yi alkawarin sababbin asibitoci 40 kafin 2030, sai ga shi an lissafa gyaran tsofaffi da ƙarin ɓangare a cikin sababbin, kuma ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce a 2023 ko da wannan lissafin ba za a cika ba. Masu jiran a yi musu magani a asibitocin Ingila sun tashi daga kusan miliyan 2.5 a 2010 zuwa sama da miliyan 7.7 a 2023.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na baƙi. Cameron ya yi alkawarin rage yawan masu shigowa, bayan an cire masu fita, zuwa ƙasa da 100,000 a shekara. A 2022 adadin ya haura 700,000. Gwamnatin ce da kanta ta buɗe ƙofa, don gidajen kula da tsofaffi ba su da ma'aikata, jami'o'i kuma da kuɗin ɗaliban waje suke tsaye. Ta kira mutane, ta karɓi kuɗinsu, sannan ministocinta suka hau mumbari suna nuna su a matsayin matsalar ƙasa. A 2022 'yan Najeriya fiye da 60,000 suka samu biza a matsayin iyalan ɗalibai. Daga Janairun 2024 aka hana ɗalibi zuwa da iyali sai mai digirin bincike, daga Maris kuma aka hana mai kula da tsofaffi. Kafin nan an yi abin kunyar Windrush a 2018, inda aka kori dattawan da suka zo daga yankin Karibiyan tun suna yara daga aiki, aka hana su magani, aka tasa ƙeyar aƙalla 83, alhali suna da cikakken haƙƙin zama. Ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka ne bayan ta gaya wa majalisa cewa babu wani adadin kora da aka ɗora wa jami'ai, sai takardu suka nuna akwai. Tun daga lokacin kowane gidan Bahaushe mai hankali yana da jakar takardu: tsohon fasfo, takardun albashi, wasiƙun makaranta da na likita, shaidar haya ta kowace shekara. Ba a zubar da ko ɗaya.

Sai maganar iyali, wadda ka ce ita ce tutar jam'iyyar. Ga abin da ta yi wa mai 'ya'ya da yawa. Daga 6 ga Afrilun 2017, duk yaro na uku ko na bayansa da aka haifa an hana iyayensa kasonsa na Universal Credit. A 2024 wannan kason fam 3,455 ne a shekara. Gidan da ke da yara biyar, uku na ƙarshe an haife su bayan wannan rana, ya rasa fiye da fam 10,000 duk shekara, ko da uban yana fita aiki kullum, don yawancin gidajen da abin ya shafa akwai mai aiki a ciki. An keɓe tagwaye da yaron riƙo, da kuma wanda aka samu ta hanyar fyaɗe, amma sai uwar ta bayyana hakan a fom, wani jami'in lafiya ko makamancinsa ya sa hannu. Yara kusan miliyan 1.6 ne ke cikin gidajen da dokar ta kama a 2024. Mu da muke ɗaukar haihuwa kyautar Allah, ba za mu kira wannan riƙo da iyali ba. Sai a Nuwamban 2025 gwamnatin jam'iyyar Labour, wadda ta gaji Conservative, ta sanar da soke ta daga Afrilun 2026, bayan ita ma ta riƙe ta fiye da shekara.

Akwai rufin da aka sa wa jimillar tallafi, wanda aka sauke a 2016 zuwa fam 23,000 a Landan, 20,000 a wajenta, kuma masu yara da yawa a gidan haya mai tsada ya fi kamawa. Akwai yankan kashi 14 na tallafin haya ga mai ɗaki ɗaya da aka ce ya yi masa yawa a gidan hukuma, kashi 25 ga mai biyu. Wanda ya rasa aiki ya nemi Universal Credit sai ya jira mako biyar kafin kuɗin farko. Ana ba da wani abu a gaba, amma bashi ne da za a riƙa cirewa wata-wata, kuma nan ne bashin haya ke somawa. Ƙungiyar Trussell Trust ta raba ƙunshin abincin agaji kusan 61,000 a shekarar 2010 zuwa 2011. A 2023 zuwa 2024 ta raba fiye da miliyan 3.1.

Aure ma bai tsira ba. Saurayin da ya zauna da gindinsa a nan, yana son ɗauko matarsa daga gida, tun 2012 sai ya nuna albashin fam 18,600 a shekara. A Afrilun 2024 aka ɗaga zuwa 29,000. Mai aikin cikakken mako a kan mafi ƙarancin albashi na lokacin, fam 11.44 a awa, bai wuce kusan 22,300 ba. In zai dogara da ajiya kaɗai, fam 88,500 ake so, kuma su kwana wata shida a asusunsa. Abin da ke kayar da mutane shi ne ƙananan abubuwa: takardun albashi na wata shida da ba su dace da abin da ya shiga banki ba, bayanan bankin da suka girmi kwana 28 ranar miƙa takarda, ko kuɗin da 'yan'uwa suka tara aka zuba dare ɗaya ba bayanin asalinsu. In an ƙi, kuɗin biza ya tafi. Don haka idan ka ga an ɗaura aure shekara biyu amarya ba ta tare ba, kada a yi saurin zargin yaron.

Ba za a rasa na yabo ba, kuma muna faɗa. Lokacin korona gwamnati ta biya kashi 80 na albashin waɗanda aka dakatar, har fam 2,500 a wata, ta kuma yi saurin rigakafi. Ita ta dawo da damar zaman shekara biyu bayan kammala digiri a 2021. Akwai 'yan kasuwa da likitoci a cikinmu da suka zaɓe ta saboda haraji. Amma kalaman da Johnson ya rubuta a jarida a 2018 yana kwatanta masu niƙabi da akwatin wasiƙa, da kukan da Sayeeda Warsi, tsohuwar shugabar jam'iyyar kuma Musulma, ta daɗe tana yi a kan ƙyamar Musulmi a cikinta, sun nisanta mutane da dama.

Yadda muke sukar ma yana da tsari, ba zagi a majalisar shayi ba ne. Ɗan Najeriya ko Gana mai izinin zama yana da ƙuri'a a duk zaɓen ƙasar saboda ƙungiyar Kwamanwel, ko bai karɓi fasfon Birtaniya ba. Ɗan Nijar ba shi da ita a zaɓen majalisar ƙasa sai ya zama ɗan ƙasa. Sai dai a yi rajista, kuma tun 2023 sai da shaida mai hoto a rumfar zaɓe. Kowane ɗan majalisa yana da ranar ganin mutanen mazaɓarsa, kuma yana iya rubuta wa ma'aikatar cikin gida a kan takardar da ta maƙale. Ana zuwa masa da lambar fayil, kwanan wata, da buƙata ɗaya tak a rubuce. Wanda aka yanke wa tallafi yana da wata ɗaya ya nemi a sake dubawa, in an ƙi ya wuce kotun ɗaukaka ƙara ta musamman, kuma ofisoshin Citizens Advice na taimakawa kyauta. Ƙorafin da ya samu sa hannu 10,000 a shafin majalisa dole gwamnati ta amsa, mai 100,000 ana duba yiwuwar muhawara a kansa. Iyalin da sharaɗin hana tallafi ya jefa cikin yunwa, in akwai yara, suna iya neman agajin ƙaramar hukuma a ƙarƙashin sashe na 17 na dokar yara ta 1989. Kafin hukuma ta motsa kuwa, adashi da zakka da asusun jana'iza na ƙungiyoyinmu su ke riƙe mutum, kuma da su ake haɗa wa ɗan'uwa kuɗin sabunta biza kafin ta mutu a hannunsa.

A Yulin 2024 Conservative ta faɗi zuwa kujera 121 cikin 650. Labour da ta gaje ta ba ta sassauta wa baƙi ba, kuma da ma'auni ɗaya muke auna ta. Ta bar sharaɗin fam 29,000, ta kawo shawarar mayar da jiran takardar zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma, ta kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje tun 22 ga Yulin 2025. Wannan na ƙarshe don Allah ka isar da shi ga matasan da ke kusa da kai. Duk dillalin da ya ce a sayar da gona a ba shi miliyoyi zai samo takardar wannan aiki, damfara ce. Tun can ma haramun ne a doka a sayar wa ma'aikaci takardar ɗaukar nauyi, kuma waɗanda suka saya, da aka ƙwace lasisin kamfanonin da suka kawo su, kwana 60 kawai aka ba su su sami wani ko su bar ƙasar.