Taragon tsakuwa: me ya sa ake adana shi a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi aikin reluwe a Zariya har ya yi ritaya, shi ya sa nake son duk abin da ya shafi jirgin ƙasa. Kwanan baya na ga hoton wasu dattawa a Ingila suna kankare tsatsar wani tsohon tarago mai kama da mazurari, an rubuta masa Dogfish a gefe. An ce na ɗaukar tsakuwa ne. Mene ne tarihinsa, kuma me ya sa suke shan wahala a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na ji daɗin tambayarka, domin yawancin masu sha'awar jirgi kan jirgin suke kallo, ba su waiwayar wannan bawan Allah da ke bayansa.

Mu fara da ita kanta tsakuwar. Duwatsun da kake gani a ƙarƙashin layin dogo su ne ke riƙe da gumaguman katako ko na kankare da aka ɗaure ƙarfen a kansu. Suna rarraba nauyin jirgi zuwa ƙasa, suna barin ruwan sama ya tsiyaye, suna hana layi gocewa idan zafin rana ya sa ƙarfe ya miƙe. Dole su kasance fasassu masu kaifi, don su sarƙe da juna. Tsakuwar rafi mai santsi zamewa take yi. Amma yau da gobe nauyin jirage yana niƙe su, ƙasa da laka su cike tsakaninsu, sai a ƙaro sababbi. A da, da tarago mai buɗaɗɗen sama ake kawo su, lebura su hau da shebur su yi ta kwasa. Baba zai ba ka labarin abin da wannan aiki yake yi wa ƙugu.

Taragon mazurari shi ya rage wannan wahala: a loda dutse ta sama, a buɗe ƙofa ta ƙasa, nauyinsa ya zubo da shi. Tun 1903 kamfanin London and South Western ya fara amfani da manya masu ɗaukar tan 40, waɗanda suka daɗe suna jigilar dutse daga ma'aikatar fasa dutse ta Meldon a yankin Devon. Bayan gwamnati ta haɗe kamfanonin jirgin ƙasa a 1948 ta kafa British Railways, sai aka ƙera irin waɗannan taragai da yawa.

Sunan da ka gani kuma yana da dalili. A zamanin wayar tangaraho ana son taƙaita saƙo, saboda haka aka raɗa wa taragan gyaran layi sunayen halittun ruwa, ma'aikaci ya aika kalma ɗaya a gane abin da yake nema. Catfish, wato tarwaɗa, tan 19 yake ɗauka, a tsakiyar layi kawai yake zubarwa. Seacow, wato ayu, jikan wancan na 1903 ne, tan 40. Mermaid, 'yar ruwa, karkata yake yi ya juye kayansa a gefe. Shi kuma Dogfish naka, sunan wani ƙaramin kifin teku ne. Tan 24 yake ɗauka a kan ƙafafu huɗu, an ƙera fiye da dubu daga tsakiyar shekarun 1950. Abin da ya sa ma'aikata suka so shi shi ne ƙofofinsa uku: hagu, dama da tsakiya.

Ka sake duba hoton. A ƙarshen taragon akwai ɗan dandamali da wasu ƙarafa uku masu kama da sitiyarin mota. Nan mutum yake tsayawa, jirgi na tafiya a hankali kamar tafiyar ƙafa, shi kuma yana murɗa sitiyarin, idonsa na kan shugaban aiki da ke ƙasa yana yi masa alama da hannu. Ya buɗe da yawa, dutse ya binne layi. Ya rage, a bar rami. Ga ƙura, ga ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. A bayan ayarin kuma ana maƙala taragon gadi mai suna Shark, wanda ke da garma a ƙarƙashinsa, a sauke ta ta baje dutsen. Wannan gwaninta ta hannu da ido ba a rubuce take ba, a jikin taragon kaɗai ake koyonta.

Abin da ya kore su daga babban layi shi ne birki da sauri. Yawancinsu tsohon birki gare su mai aiki da zuƙe iska, alhali jiragen zamani sun koma mai matsa iska. Sannan aka samu manyan taragai da ake buɗe ƙofofinsu da na'ura. Da yawa daga cikin tsofaffin an yanka su an narke.

Waɗanda suka tsira kuwa, aiki ne ya cece su, kuma a ganina nan amsar tambayarka take. Tun 1951 'yan sa kai suka karɓi layin Talyllyn a Wales suka ci gaba da tafiyar da shi, layin Bluebell a Ingila ya biyo baya a 1960, sai irin su Severn Valley. Duk layin da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido yana buƙatar tsakuwa kamar kowane layi, kuma yawancin tsofaffin kawunan jirginsu masu cin kwal birkinsu ɗaya da na Dogfish. Saboda haka dattawan nan kayan aikinsu suke gyarawa, kuma a cikin gyaran suke riƙe da tarihi.

Gyaran ba sauƙi. Dutse yana goge fenti tun lodin farko, garinsa ya jiƙe ya maƙale a kusurwa, tsatsa ta ci farantin ƙarfe har ya yi ɓula. Sai an yanke ruɓaɓɓen wuri an yi waldar sabo, an kwance ƙofofin da suka cije an sa musu giris, an duba akwatin mai da ke kan kowace ƙafa. Abin da ke damuna shi ne rumfa: taragan fasinja ake fara sawa a inuwa, na tsakuwa a bar shi a waje, damina da rani, alhali ba don shi ba da sauran ba su samu inda za su taka ba.

Mu ma muna da rabo a wannan magana. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma tsohon layinmu mai faɗin ƙafa uku da inci shida ya ga taragai iri-iri. Wasu na nan jibge a tsofaffin tashoshi ciyawa ta rufe su, 'yan gwangwan na zagaye. A Ebute Metta ta Legas akwai Jaekel House, gidan da aka gina a 1898 aka mai da shi ƙaramin wurin adana tarihin reluwe. Arewa ma ta cancanci irinsa, a Zariya ko Kafanchan.

Kafin nan, ga abin da za ka iya yi. Ka nemi izinin ma'aikatan tasha, ka ɗauki hoton duk tsohon taragon da ka samu, musamman lambarsa da ɗan farantin da ke jikin ƙarfen ƙasa, wanda yawanci ke ɗauke da sunan maƙera da shekarar ƙira. Sannan ka kai wa Baba hotunan, ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye shi sunan da suke kiran kowanne da aikin da yake yi.