Gindin buhu nake hudawa

Jiya da la'asar, ana cikin sauke kaya, ka ce mini: "Maigida, me ya sa kullum gindin buhu kake hudawa, ba ka kwance bakinsa? Ai gishiri gishiri ne. Na gani a salula, ruwan teku ake tarewa, rana ta busar da shi, shi ke nan." Ban tanka maka ba, don akwai 'yan dako a wurin, ban so in kunyata ka gabansu. Yanzu ja benci ka zauna, ka kuma kife wannan wayar.

"Shi ke nan" ɗin nan ita ce cutarku ku yaran yanzu. Kun ga abu na minti biyu a waya, kun zama malamai. Ni rani huɗu na yi ƙafata cikin ruwan gishiri a Ada, can Gana, kusa da inda kogin Volta ke faɗawa teku, a babban tafkin da suke kira Songor. Dubi diddigena. Wannan kaushin ba na hunturun Maradi ba ne. Da man kaɗe muke shafe ƙafa kafin mu shiga, duk da haka in ka fito da yamma kamar an yanka ka da reza an zuba barkono.

Tunda ka yi lakwal, ga lissafi. Litar ruwan teku guda gishirin da ke cikinta bai wuce giram 35 ba, kuma ba dukansa ne na miya ba. Jarka mai lita 20 in ka shanya ta ƙaf, abin da za ka sa a tukunya rabin kilo ne da ɗan ɗoriya. Kafin ƙwaya guda ta fito sai kashi tara cikin goma na ruwan ya tashi sama. Shi ya sa ba a fage guda ake yi ba. Ruwa na shiga babban fage ya kwanta, laka ta zauna. A tura shi na gaba, ya ƙara kauri, wani farin abu kamar alli ya kwanta a ƙasa, wanda ba gishiri ba ne, ba ya narkewa a baki. Sai a sake shi fagen ƙarshe, marar zurfi, ruwa iya idon sawu ko ma bai kai ba. Yadda ake daɓe fagen da gyaran kunya ba zan ɓata bakina a kai ba, duk wanda ya taɓa yin lambu a fadamar Gulbi ya san wannan.

Kuma ba rana kaɗai ke aikin ba, har da iska. Lokacin da hunturu ya sauka har bakin teku, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne kakar gishiri. Da safe za ka ga wata yana-yana a saman ruwan kamar ta madara, ta yi nauyi ta nutse, wata ta sake fitowa. Haka ƙwaya ke girma a ƙasa, in ka taka ka ji ƙaras-ƙaras. A Balma ma, can cikin Sahara, haka Barebari ke yi a ramukan Kalala, suna fasa yanar don ta nutse, duk da su ba teku gare su ba, ruwan ƙasa ne ke ɓulɓulowa da gishirinsa. Daga nan bezar da kake gani, gishirin miya na Balma, take fitowa, da kantun da Buzaye ke kawowa kudu su koma da hatsi.

To ga abin da wayarka ba ta nuna maka ba. Bayan gishirin kirki ya kwanta, ruwan da ya rage a kansa mugun ruwa ne. Mu ruwan ɗaci muke ce masa. Yana da santsi a hannu kamar mai, in ka ɗanɗana harshenka ya kama, in ka haɗiye ya sa ka zawo. Mai aikin gaskiya ba ya bari wannan ruwan ya bushe a kan gishirinsa. Kwashewa yake yi tun da saura, ya ɗauraye da ruwan fage mai tsabta, ya tara tsibi a tudu, ya bar shi makonni yana tsiyaya. Wanda ya fi haƙuri ma sai tsibin ya shekara. Wanda bai tsiyaye ba kuwa, ko ya yi fari kamar alli, ɗacin na nan maƙale a jikin ƙwaya, kuma halinsa jan raɓa ne daga iska.

Na san duk wannan, ka ji ko? Na san shi tun kafin a yi wa babanka kaciya. Abin da ke ci mini rai ke nan har gobe.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Mun kwanta faran Faransa guda yana sefa 50, muka tashi yana 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Lokacin na bar aikin fage na koma fatauci, ina da mangaza guda, ɗakin ajiyar kaya, a nan bayan babbar kasuwa. Na saba tafiya Ada a Janairu, amma shekarar nan na tsaya kallon kasuwa, sai ga azumi ya shigo, ban tashi ba sai bayan ƙaramar salla, tsakiyar Maris. Dabarata ita ce in kawo kaya kafin layya, don masu fatu su saya. Ka san fatar jar akuyar Maradi, har Turai ake nemanta, kuma bayan babbar salla fatun raguna sun fi ƙarfin shanya, gishiri ake zuba musu. Akwai wani babban mai sayen fata da muka yi magana, ya ce in na kawo buhu 300 nasa ne. Na sayar da shanu biyu, na karɓi kuɗin adashen uwargida, na ƙara da bashin wani aminina.

Na isa na tarar hadari ya fara haɗuwa a bakin teku, don su can ruwansu da wuri yake sauka. Tsofaffin tsibi duk an saye. Sai wani ɗan kamasho ya same ni a masauki. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma abin takaicin ɗan uwanmu ne, da Hausa ya gaishe ni, har ya tambayi mutanen Tibiri. Ya ce akwai kaya buhu 700, an riga an ɗinke, mai shi na tsoron ruwa, zai sakar mini da rangwamen kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mutumin da kuɗinsa ya rabe biyu a aljihu, ka ce masa rangwame! Ko a lokacin zuciyata ta ce mini araha ba ta ado, na ce mata yi shiru.

Da magariba ya kai ni. Ka lura, da magariba. Buhuna a jere cikin rumfa, ya jawo wuƙa da kansa ya farke bakin guda biyar, ya ce zaɓi wanda kake so. Na zura hannu iya wuyan hannu. Gishiri busasshe, manyan ƙwayoyi, na damƙa na saki ya watse. Na sa a baki, garau. Na aza uku a sikeli, kilo 50 cif, ɗaya ma har da ɗori. Sai murna ta kama ni, ni mai wayo. Ban tambayi kaina ba me ya sa ƙasan rumfar ke da danshi alhali ba a yi ruwa ba. Na gani fa da idona, takalmina har ya kama yashi. Na ce raɓar teku ce.

Abin da suka yi, sun kankare fagen ƙarshe ne da gaggawa saboda hadari, da gishirin da ruwan ɗacin gaba ɗaya, suka ɗura a buhu yana ɗiga, suka rufe kowane baki da kwano biyu na tsohon gishiri. Nauyin da na gani a sikeli, ruwa na saya da kuɗina. Na biya wa ruwa kuɗin kamiyo, na biya masa duwan.

Ta Lome muka biyo, muka haura Dapawong, Sinkase, Fada, Yamai, Doso, Ƙonni. Tun a Fada karen motar ya ce mini, "Alhaji, motar nan fitsari take yi." Na leƙa ƙarƙashi na ga tana ɗiga, ƙarfen duk ya yi fari. Direba ya dube ni bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Kwana tara muna hanya, ni kaɗai na san abin da ke cikina. Da muka sauke a Maradi cikin zafin Afrilu, buhunan da suka shiga mota a cike sun saki jiki kamar tsohuwar riga. Na aza a sikeli: 43, 44, wani 41. Yi lissafi da kanka, ɗan lakwal, kilo 7 sau 700. Kusan buhu ɗari suka bi iska tsakanin Ada da nan. Ba na ƙara wa labarin gishiri, wanda na yi asara ya isa.

Da a nan abin ya tsaya da na shanye. Mai fatun ya ɗauki 300 ɗinsa bashi, sai bayan salla. Aka yi layya a watan Mayu, ya barbaɗa wa fatunsa, ya jibge. Gishiri mai jan ruwa ba ya tsotse fata yadda ya kamata, sai ta zauna a jiƙe cikin zafi. Bayan kwanaki ya aiko a kira ni. Ya ɗaga fata guda, cikinta ya yi jan tabo-tabo, ya ja gashin da yatsu biyu ya tuge. Warin har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Gaskiya wasu sun lalace, ban musa ba. Amma na ƙirga da idona, ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, sauran ya sayar ya ci kuɗinsa. Shi kuwa ya rantse gaban mutane ko dala ba zai ba ni ba, wai ma ni ne zan biya shi. Muka je gaban manyan kasuwa, aka ce a yi haƙuri, a raba asara. Rabon da aka yi, ya ba ni kuɗin buhu 60. Shekarar da ta biyo ya tafi Makka. In mun haɗu a jana'iza yakan miƙo mini hannu, nakan ba shi, don ba a hana musulmi hannu.

Sauran 400 kuwa damina ta same su a mangaza, kuma damanar 1994 ta yi ruwa ba na wasa ba. Ka san an ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo ya ji kunya. Nawa ko ɗigo bai taɓa shi ba, rufina lafiya lau, amma ya dinga kuka daga cikin buhu. Ruwan ya bi daɓe ya ci gindin katangar ƙasa, bangon gabas ya zauna cikin Agusta. Mata suka daina aiko yara wurina, wai gishirina na ɓata miya. Ƙarshe Fulani na sayar wa a kasuwar Dakoro, kuɗin da bai kai na dako ba, su ma sai da suka yi mini tsiya, suka ce shanunsu sun fi son na Balma. Shekara uku ina biyan aminina. Maganar adashen uwargida kuwa, kar ka kuskura ka tayar da ita in ka shiga gida cin tuwo.

Saboda haka ruwa ƙasa yake bi, ƙarya kuma a bakin buhu ake ajiye ta. Soka bututun huda buhu a gindi, daga buhun da ke ƙasan jeri, wanda kai ka zaɓa, ba wanda aka nuna maka ba. Damƙa. In ya dunƙule kamar fura, ko tafinka ya yi santsi, bar shi. Ɗanɗana, ka jira ƙarshen harshe, ɗacin a baya yake zuwa. Kuma da rana tsaka, ba da magariba ba. Maganin nan da ake ɗigawa gishiri ya yi shuɗi, na sinadarin hana maƙoƙo, wannan aikin duwan ne da likitoci, yana da kyau, amma ba zai gaya maka ko ruwa ka saya ba.

Gobe kamiyo biyu za su iso da hantsi. Kai za ka huda, ni ina zaune ina kallo. In na ga hannunka ya nufi bakin buhu, ka koma wurin babanka ka ce ya saya maka babur ka yi kabu-kabu. Tashi ka kawo mini shayin nan kafin ya huce.