Shin Duwatsun Dutse da Birnin Kudu Za Su Iya Aman Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kiyawa a Jigawa. Ɗalibaina sun ga bidiyon wani dutse yana aman wuta a waya, suka tsare ni da tambaya ko duwatsun da suka kewaye garin Dutse ma za su iya yin haka. Abin da ya ƙara tayar musu da hankali, da bazarar bara an ga hayaƙi yana fitowa daga ƙasa a wata busasshiyar fadama, kuma dattawa suna cewa dutse kan yi ƙara da dare. Don Allah a yi mana bayanin ire-iren waɗannan duwatsu da haɗarinsu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A fara kwantar wa yaran hankali: babu dutse mai rai, wato wanda zai iya aman wuta, ko ɗaya a Kano ko Jigawa. Amma tambayarsu tana kan hanya, domin duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ta Kano, tushen duwatsun aman wuta ne da suka mutu tun kafin a san ɗan Adam a bayan ƙasa.

Da yawa suna zaton ƙarƙashin ƙafarmu tafkin wuta ne, ko'ina aka huda zai ɓullo. Ba haka ba ne. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon duniya dutse ne mai tsananin zafi, amma daskararre, saboda nauyin da ke danne shi. Ba ya narkewa sai a wurare ƙalilan: inda manyan ɓangarorin ɓawon duniya ke rabuwa da juna, kamar gabashin Afirka daga Habasha zuwa Kwango, inda ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin ɗaya, kamar Indonesiya da Japan da sauran gefen tekun Pasifik, da kuma inda zafi ke tasowa daga can ƙasa a wuri guda, kamar Hawai. Duwatsun da ake ɗauka suna da sauran rai a duniya kusan 1,350 ne, kuma mafi yawansu a gefen Pasifik suke. Kano da Jigawa suna zaune ne a tsakiyar tsohon ɓawo mai kauri wanda ya daɗe da hucewa.

Abu biyu ne ke yanke siffar dutsen da irin ɓarnarsa: kaurin narkakken dutsen, da yawan iskar da ke cikinsa. Matan gida sun san wannan a madafi. Tsinkakken kunu yana tafasa tururi na fita salin-alin, talge kuwa idan ya yi kauri sai ya riƙe tururin, ya tara shi, ya fashe ya fantsamo a hannu. Abin da ke kawo kaurin shi ne silika, sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi. Narkakken dutsen da silikarsa ba ta wuce kusan kashi 50 cikin 100 ba, zafinsa kan kai digiri 1,000 zuwa 1,200, yana gudana, idan ya huce ya zama baƙin dutsen da ake kira basalt. Wanda silikarsa ta kai kashi 70, zafinsa digiri 700 zuwa 850 ne, da ƙyar yake motsi, shi ne ke toshe maƙogwaron dutsen har iska ta taru ta tarwatsa shi.

Mai tsinkakken narkakken dutse ba ya yin tsini. Malala yake yi nesa, shimfiɗa kan shimfiɗa, har ya zama ƙaton doro mai faɗin gaske. Mauna Loa na Hawai haka yake, haka ma Emi Kusi a tsaunukan Tibesti na Chadi, wanda tsayinsa mita 3,415 ne, babu kamarsa a Sahara. Wani lokacin ma babu dutsen, ƙasa ce kawai ke tsagewa narkakken dutse ya kwararo ta tsagar. Alhazan da suka lura da baƙaƙen duwatsun da ke gefen Madina sun ga aikin irin wannan. A shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, bayan kwanaki ana girgizar ƙasa, wata tsaga ta buɗe a kudu maso gabashin birnin, aka yi kwana 52 tana aman wuta, narkakken dutsen ya yi tafiyar kilomita 23 kafin ya tsaya bai shiga gari ba.

Nau'in da aka fi gani a hoto shi ne dogo mai tsini, wanda ya ginu hawa-hawa, shimfiɗar narkakken dutse, sai ta toka, sai ta ɓaraguzai. Kilimanjaro da Fuji da Besubiyas na Italiya duk irinsa ne. Shi ya fi haɗari, domin yakan yi ɗaruruwan shekaru shiru, mutane su cika gindinsa da gonaki saboda ƙasar tana da albarka, sannan ya farka. Idan irin wannan ya amayar da abin cikinsa da yawa a lokaci guda, rufin rumbun da narkakken dutsen ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa sai ya rufta, a samu ƙaton kwari mai zagaye na kilomitoci, wanda ake kira kaldera.

Ƙaramin cikinsu kuwa tulin ƙonanniyar tsakuwa ne da rami a ka, da wuya ya wuce mita 400, kuma yawanci sau ɗaya yake aman wuta a rayuwarsa. Manoma za su so labarin Parikutin na ƙasar Meziko. Ranar 20 ga Fabrairu, 1943, a tsakiyar gonar masara ƙasa ta tsage a gaban mai gonar. Kafin ya mutu a 1952 ya kai tsayin mita 424, ya binne garuruwa biyu. Kada wannan ya tsorata kowa: yankin cike yake da ɗaruruwan irin wannan tuli, kuma an yi makonni ƙasa tana girgiza kafin ya ɓullo.

A Najeriya ana ganin duk waɗannan siffofi, sai dai a mace ko a kwance. Tudun Biu na Borno shimfiɗar basalt ce mai ɗauke da tulin tsakuwa da dama, kuma tafkin Tila da ke kusa da Biu bakin tsohon dutse ne da ruwa ya cika. A tudun Jos akwai jerin irinsu a Panyam da Kerang. Dutsen Wase da tsinin Tangale kusa da Kaltungo, narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaro, ruwa da iska suka cinye gangar jikin suka bar toshiyar a tsaye.

Namu na nan sun fi waɗannan tsufa nesa ba kusa ba. Duwatsun Dutse sun haura shekara miliyan 200. Suna cikin wani jeri da ya taso daga tsaunukan Azbin na Nijar ya gangaro ta Jigawa da Bauchi da Jos, yana ƙara ƙuruciya yayin da ake yin kudu, har zuwa Afu a Nasarawa mai kusan shekara miliyan 140. Saman dutsen ya zaizaye tuntuni. Abin da ake gani yau rumbun ƙarƙashin ne, wanda ya huce sannu a hankali ya zama dutse mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. A Riruwai zagayen tsohuwar kalderar yana nan a fili, kuma ruwan zafin da ya ratsa tsagogin dutsen lokacin da yake hucewa shi ya ajiye kuzar da ake haƙa a can. Rumbun da ya daskare haka ba ya sake narkewa. Dala da Goron Dutse na birnin Kano ma ba su da alaƙa da aman wuta ko kaɗan, tudu ne da marmara mai tama ta rufe samansa ta hana shi zaizayewa.

Dutse mai rai mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru da ke kusa da Buea, mai tsayin mita 4,040, wanda ya yi aman wuta a 1982 da 1999 da 2000.

Game da haɗari, abin da bidiyo ke nunawa, wato jan kogin wuta, shi ne mafi ƙarancin kisa. Yana cinye gida da gona da hanya, amma yawanci mutum na iya kauce masa da ƙafa. Ko a Goma ta Kwango, inda narkakken dutsen Nyiragongo ya fi na ko'ina gudu, da ya ratsa gari a Janairun 2002 dubban ɗaruruwa sun tsere, waɗanda suka rasu ba su kai 300 ba.

Wanda ba a guje masa shi ne guguwar toka da iska mai zafi da ke gangarowa ta jikin dutse, da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa da zafin ɗaruruwan digiri. Ita ta shafe garin San Fiya a tsibirin Matinik ranar 8 ga Mayu, 1902, mutum kusan 28,000 cikin 'yan mintuna. Ba ta da magani sai barin wurin tun kafin ta taso. Sai kuma ambaliyar taɓo, lokacin da toka ta gauraya da ruwan sama ko narkakkiyar ƙanƙara ta bi kwarin kogi. A daren 13 ga Nuwamba, 1985, dutsen Ruyiz na Kolombiya ya yi ɗan ƙaramin amai, ƙanƙarar kansa ta narke, bayan kusan awa biyu da rabi taɓon ya isa garin Armero. Mutum kusan 23,000 suka rasu. Abin baƙin cikin, masana sun riga sun zana taswirar da ta nuna garin yana kan hanyar taɓon, kuma awa biyun nan ta isa a kai jama'a kan tudu. Ba a kwashe su ba.

Tokar dutse ba irin ta murhu ba ce. Niƙaƙƙen dutse da gilashi ne, ƙwayarsa ba ta kai milimita 2 ba, ba ta narkewa a ruwa, tana kartar ido da huhu da injin. Idan ta jiƙe, kaurin santimita 10 kan haura kilo 100 a kan kowace murabba'in mita ta rufi. A Pinatubo na Filifins a Yunin 1991, an kwashe dubban mutane da wuri, amma ruwan sama ya sauka kan tokar, ɗaruruwa suka rasu saboda rufin ɗaki ya faɗa musu. Makiyayi kuma yana da nasa tashin hankalin: a Aisilan a 1783, sinadarin fulorin ya gurɓata ciyawa, kusan rabin shanu da mafi yawan tumaki suka mutu, yunwa ta biyo baya ta kashe kusan ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. Duk wanda fatauci ko karatu ko kiwo ya kai shi irin wannan wuri, idan toka ta fara sauka ya rufe hanci da baki da takunkumi ko jiƙaƙƙen ƙyalle, ya rufe rijiya da randa, ya killace dabbobi ya ba su harawar da toka ba ta taɓa ba, ya riƙa share rufi tun kafin ta taru.

Haɗarin da ya fi kusa da Najeriya ba shi da wuta ko hayaƙi. Tafkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru yana cikin bakin tsohon dutse, zurfinsa ya haura mita 200, kuma iskar kabon tana tsattsafowa daga ƙasa tana taruwa a ruwan gindi. A daren 21 ga Agusta, 1986, iskar ta ƙwace gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, ba ta tashi sama ba, kwaruruka ta bi har nisan kusan kilomita 25. Mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500 suka mutu, cikinsu har da Fulani makiyaya da garkunansu. Waɗanda ke kan tudu da yawa sun tsira. Tun 2001 aka kafa bututu mai fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. An kuma daɗe ana fargabar rashin ƙwarin gaɓar da ta tare tafkin, domin idan ta fashe ruwan zai bi kogin Katsina-Ala zuwa Taraba da Binuwai, wanda yana daga cikin dalilan gina madatsar Kashimbila.

Aman wuta na nesa kan taɓa mu ta fuskar damina. Sinadarin farar wuta da ke hawa can sararin sama yana tare hasken rana: Pinatubo ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu, kuma wasu masu bincike suna ganin aman El Cicon na Meziko a 1982 ya ƙara tsananta farin da ya addabi Sahel a shekarun da suka biyo baya.

Saura hayaƙin fadamarku. Fadamar da ta shekara da shekaru tana tara ruɓaɓɓen kacala da ciyawa a ƙarƙashin laka, idan ta bushe ƙayau, wutar ƙona saura ko ta mafarauta kan shige ta tsagar ƙasa ta riƙa cin abin nan a hankali har tsawon makonni. An ga haka a busasshen tafkin Fagibin kusa da Tumbutu a Mali, aka daɗe ana zaton aman wuta ne, sai da masu bincike suka haƙa suka tarar da ruɓaɓɓen tsiro yana ci. Haɗarinsa na gaske ne: saman ƙasa kan yi kama da lafiyayye alhali ƙarƙashinsa rami ne na garwashi. A hana yara da dabbobi takawa, a kewaye wurin da ƙaya, a haƙa rami a zagaye har a kai ga yashi ko laka tsantsa don wutar ta rasa hanya, sannan a jiƙa shi sosai, yayyafi ba ya kashe ta. Ƙarar dutse kuwa, fatarsa ce ke buɗewa da zafin rana ta tsuke da sanyin dare, har wani falle ya tsage ya ɓare. Idan an ji ƙasa ta motsa, kamar yadda aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, wannan girgiza ce ta tsohuwar tsaga, ba aman wuta ba. A rubuta rana da lokaci da abin da ya tsage, a kai wa dagaci da ƙaramar hukuma, su sanar da hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, wato NGSA.