Hunturu Ya Kama: Hita, Kasko da Tukunyar Kashe Gobara, Wanne Za a Saya?

Daga Disamba zuwa Fabrairu 'yan kwana-kwana ba su da hutu a Arewa. Iska ta bushe, katako da labule sun bushe, kowa kuma yana neman ruwan zafi da ɗumin ɗaki. Wasiƙun wannan mako duk a nan suka tsaya.

Wata uwar gida daga Zariya ta ce: “Yarana huɗu 'yan makaranta ne, kullum da asuba sai na dafa ruwan wanka. Ina so in sayi butar lantarki, maigida ya ce ɓarnar kuɗi ce, hitar da ake tsomawa a bokiti ta wadatar. Wa ya fi gaskiya?”

Hajiya, ke kika fi gaskiya, amma ki bi maigida a hankali. Hitar tsomawa ba ta kashe kanta, kuma ga yadda take cin gida: an jona ta, aka ɗauke wuta, kowa ya tashi ya kama harkarsa ya manta da ita. Can tsakar dare ko bayan an kulle gida a dawo da wuta. Ruwa ya tafasa ya ƙone, ƙarfen ya yi jawur, bokitin roba ya narke ya kama, sai katifa ta karɓa. Butar kirki kuwa tana da makunnin da ke tashi da kansa da zarar ruwa ya tafasa, wasu ma ba sa ci gaba da aiki idan babu ruwa a ciki. Ki tambayi mai shago wannan, ki sa ya gwada a gabanki. Na san cikinta bai kai lita biyu ba, amma tafasasshen ruwa buta ɗaya ko biyu, in an sirka, ya isa wankan yaro.

Sai dai buta tana da jan wuta, yawanci wat 1,500 zuwa 2,200. Soket ɗin bango mai ƙafa uku an yi shi ne ya ɗauki kusan wat 3,000, ba fiye ba. Don haka buta da dutsen guga ba sa haɗuwa a wuri ɗaya, balle a kan ekstenshin ɗin nan mai siririyar waya da ake tallarsa a baro. Araha ba ta ado. Ki jona ta kai tsaye a bango, in kin ji filogi ya yi zafi ko soket ya fara baƙi, a kira mai wayarin ya canja. Kuma ki kafa doka a gidan: duk lokacin da aka ɗauke wuta, babban yaro ya zaga ɗaki-ɗaki ya cire abin da ke jone, tun kafin a nemi tocila.

Wani magidanci daga Funtuwa ya ce: “Mahaifiyata ta tsufa, sanyi yana damunta, da kaskon garwashi take kwana. In saya mata hitar ɗumama ɗaki?”

Malam, kafin maganar saye, kaskon nan ya daina kwana a ɗaki tun daren yau. Ba zanin da zai faɗa ciki kaɗai nake tsoro ba. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. In ƙofa da taga suna rufe, alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, abin da sau da yawa ake ɗora wa zazzaɓi. Hayaƙin janareta ma ita yake ɗauke da ita. In Inna ta ƙi rabuwa da kaskonta, kuma na san tsofaffi, a hura shi a waje, ta ji ɗumi taga a buɗe da wani a kusa, sannan a fitar da shi kafin ta kwanta.

In za ka sayi hita, nemi mai kama da ƙaramin lagireto wadda mai ke zagayawa a cikinta, ka bar mai jan ƙarfe a fili. Ta zama mai mutuwa da kanta idan ta faɗi, a ajiye ta mita ɗaya daga gado da labule, kada a shanya mata kaya. Amma da ni ne, da yanayin wutarmu, bargo mai kauri da safa da rigar sanyi zan fara saya, in toshe kafofin da iska ke shigowa. Su ba ruwansu da ɗauke wuta.

Wani ango daga Kano ya ce: “An ce in sayi tukunyar kashe gobara. Wace iri, kuma ta isa?”

Sayi mai hoda wadda aka rubuta ABC a jikinta, tana kashe wutar katako da ta fetur, ana kuma iya fesa ta a kan kayan lantarki. Ka duba allurar agogonta tana kan kore. Rataye ta kusa da ƙofar kicin, ba bayan murhu ba, ka koya wa amarya zare fil da nuna bakin a gindin wuta. Ƙaramar mai kilo biyu cikin daƙiƙu kaɗan take ƙarewa, wato ta farkon wuta ce kawai. In ta fi ƙarfinta, a fita, a kira 112 ko 'yan kwana-kwanan jiha. Man girki in ya kama, murfi ake kifawa a kashe murhu. Ruwa watsa shi yake yi. Wani abin da angwaye ba sa tunawa shi ne ƙarfen taga. A sa maƙeri ya yi wa aƙalla taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa, makullin kuma ya zauna inda kowa zai laluba ya samu cikin duhu.

Ga mai tambaya ko ya sayi silindar gas ta hannu, wato wadda wani ya taɓa amfani da ita: in ta yi tsatsa ko ta lotsa, bar ta komai arha. Tiyo da regileta kuwa sababbi za ka saya. Shafa ruwan sabulu a mahaɗarsu, in ya yi kumfa yana yoyo ne. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka in ka ji warinsa kada ka taɓa makunnin fitila. Rufe silinda, buɗe ƙofa da tagogi.