Humrata ba ta fitowa da ƙamshi ɗaya, kuma an ce in ɗiga wa yaro man a hanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina haɗa humra da man shafawa a Unguwar Rogo, Jos. Masu saye sun fara ƙorafi wai ta wannan watan ba ta kai ta baya ƙamshi ba, alhali yawan digon man ƙamshin da nake sawa bai canza ba. Sannan wadda nake sarin mai a wurinta ta ce tunda daga ganye ake tatsarsa, in ɗiga wa ɗana ɗan wata bakwai man yukaliftus a hanci saboda mura. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙirga digo ne matsalarki. Mai kauri irin sandal, facholi da jema, in sanyin Jos ya kama a Disamba ƙara kauri yake, digonsa ba zai yi daidai da na watan Maris ba. Ki nemi ƙaramin sikeli mai auna 0.01 na giram, ki rubuta nauyin kowane mai a littafi. Shi kansa man yana bambanta daga gona zuwa gona, daga shekara zuwa shekara, shi ya sa kamfanoni ke sayar da lafanda 40/42, wadda aka gauraya aka daidaita sinadaranta don ƙamshin ya tsaya wuri ɗaya. Ta dace da humra da sabulu. Kuma ki bar haɗin ya kwanta makonni a kwalba mai duhu kafin ki kwatanta shi da tsohon.

Maganar yaron kuwa, kada ki kuskura. Na gaji da jin "ai na ganye ne, ba ya cutarwa". Zaƙami ma ganye ne. Ana dafa ganye buhu-buhu kafin a tara 'yar kwalba ɗaya, ƙarfinsa ya wuce na shayin da kakanninmu ke sha nesa ba kusa ba. Yukaliftus da na'a-na'a a fuskar jariri na iya sarƙe masa numfashi, in ya haɗiye ko kaɗan ne yana iya jijjiga. Haka kafur. Man wintagirin (wintergreen), wanda ake sawa a man zafi, kusan dukkansa sinadarin methyl salicylate ne, ƙaramin cokali ɗaya ya kai ƙwayar asfirin ta manya wajen 20, ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Man kirfa da na kanumfari zallarsu ƙona fata suke. Man bergamot (wani nau'in lemu) da na lemun tsami, a shafa a fita rana, sai tabo ya fito baƙi ƙirin, a dawo ana cewa sammu ne.

Su waɗannan masu tallar a TikTok da Instagram, jiya sarin atamfa suke, yau sun zama likitoci. Ko lambar NAFDAC babu a kwalbar, amma bakinsu bai jin nauyin cewa a ɗiga a ruwa a sha don sanyi. Ran da yaro ya sanƙare, wayarsu a kashe take. Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane amana ne.

Ga babba mai lafiya, kashi 2 cikin 100 ya isa a fata: kamar digo 12 a mililita 30 na man kwakwa ko zaitun. Jariri mai mura, ruwan gishirin hanci na kemis da nono sun wadatar. In numfashi ya yi sauri, asibiti. In kuma yaro ya riga ya sha, ban da manja, ban da madara, ban da tura yatsa don ya yi amai, domin man na iya gangarawa huhu. A ɗauki kwalbar a tafi JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) ko asibiti mafi kusa nan take.