Hajiya, ki duba Rodos kafin ki biya kuɗin Santorini

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce ke da maigida da yara biyu ƙanana kuna so ku yi mako guda a bakin teku a Girka, kin ga hotunan Santorini kin ƙyasa, amma kina tunanin abinci da salla da yadda mace mai hijabi za ta sake a wurin. Sau uku muna zuwa da iyali, biyu a tsibirin Rodos, ɗaya a Santorini, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Kyan Santorini ba a magana, amma fararen gidajen nan masu shuɗin rufi da kike gani a Oia da Fira a saman dutse suke, teku na can ƙasa da nisa, kuma duk inda kika nufa matakala ce. Da goyo na yi ta hawa da sauka, keken tura yaro bai yi mana amfani ba. Inda ake wanka, wato Kamari da Perissa, baƙin yashi ne da tsakuwa irin na dutse mai aman wuta, idan rana ta take ba ya takuwa babu takalmi. Ga tsada. Amarya da ango za su ji daɗinsa, mai yara kuwa Rodos ya fi mata.

Abin da za ki fara riƙewa game da Rodos shi ne gabas da yamma ba ɗaya ba ne. Zuwanmu na farko mun kama otal a Ixia, ɓangaren yamma, saboda yana kusa da gari kuma kuɗinsa da sauƙi. Ashe can ne iskar bazara da suke kira meltemi take bugawa, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Bakin ruwan tsakuwa ne, igiyar ruwa kuma ba ta hutawa. Masu wasan sulu da iska suna ta murna, ni kuwa ina riƙe da hannun ɗana yana kuka yana son shiga, ban yarda na sake shi ba. Kwana bakwai a kududdufin otal muka ƙare. Da muka koma sai muka sauka a gabas, kusa da Kolymbia, nan muka san mun zo teku. Akwai wani bakin ruwa da ake kira Tsambika, yashinsa lallausa kamar an tankaɗe, ruwan a kwance, sai ki yi tafiya mai nisa a ciki bai wuce gwiwarki ba. 'Yata mai shekara huɗu ta zauna a ciki tana kallon ƙananan kifaye suna zagaya yatsun ƙafarta, sai da yunwa ta fito da ita.

Faliraki ma a gabas yake, yashinsa da kyau, amma tsakiyar garin mashaya ce da kiɗa har asuba, kuma a gefensa akwai wani lungu da aka ware wa masu wanka tsirara. Idan otal ɗin da aka nuna miki a can yake, ki duba taswira ki tabbatar yana nesa da tsakiyar.

Maganar sutura ba zan ɓoye miki ba, za ki ga tsiraici, haka bakin tekun Turai yake. Ni dai da kayan wanka masu rufe jiki nake shiga, waɗanda ake kira burkini, kuma a teku babu wanda ya taɓa ce min uffan, illa kallo jefi-jefi. Kududdufin otal ne kowa da dokarsa, don haka ki aika musu saƙo tun kafin ki biya, su ba ki amsa a rubuce. Mukan fita da sassafe, wajen ƙarfe takwas, lokacin wurin tsit yake sai tsofaffi, mu koma ɗaki kafin azahar, sannan mu sake fitowa bayan la'asar. Kujerun kwanciya da lema na haya ne, amma wanda ya shimfiɗa tabarmarsa a gefe ba mai hana shi.

Abinci ne wurin da nake so ki buɗe ido sosai. Gyros da souvlaki, waɗanda su ne kamar tsiren ƙasar, galibi naman alade ne idan ba a faɗa ba. Ki haddace kalmar hirino, ita ce alade, kotopulo kaza, arni rago. Ko na kazar ma sau da yawa a kan waya ɗaya ake gasawa, kuma wani naman da giya ake dafa shi. Mu dai mun haƙura da nama gaba ɗaya, muka koma kifi gasasshe da lemun tsami da man zaitun, da salak ɗinsu na tumatir da cuku, da wani ƙosai na Rodos mai suna pitaroudia da ake yi da wake irin nasu da albasa da na'a-na'a. Saboda haka ban ga ribar biyan otal mai ci-da-sha-kyauta ba, wani kaso na kuɗin na giyar da ba za ku sha ba ne. Ku ɗauki mai karin kumallo da abincin dare, ko ɗaki mai ƙaramin kicin, ku tafi da yajinku.

Salla ita ce ta ƙara sa ni son Rodos. A 1923 da Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a, Musulmin tsibirai irin su Kirit sun tashi, amma Rodos da Kos a lokacin suna hannun Italiya, sai nasu suka zauna, jikokinsu na nan har yau. A cikin tsohon gari mai ganuwa, wanda Sarki Sulaiman na Usmaniyya ya ƙwace a 1522, akwai masallacin Ibrahim Pasha da har yanzu ake salla a cikinsa, can maigidana ya yi Juma'a. Daga Kolymbia tafiyar kamar rabin awa ce a mota. Ranar ku zagaya ganuwar, ku sayi melekouni, riɗi ne da zuma, da na gutsira sai da na tuna kantun riɗin gida.

Idan hutun makaranta ya bari, ku je a Satumba ko farkon Yuni. Zafin Yuli da Agusta ba wasa ba ne, kuma a Yulin 2023 gobarar daji ta sa aka kwashe dubban mutane daga kudu maso gabashin tsibirin, wajen Kiotari da Gennadi. A Satumba ruwa da ɗuminsa, cunkoso ya ragu, farashi ya sauko.

Sai takardu. Bizar Schengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Girka ke cikinsu, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Daga Atina zuwa Rodos kamar awa ɗaya ne a jirgin sama. Otal zai karɓi wani harajin gwamnati na kowane dare wanda sau da yawa ba ya cikin kuɗin da kika biya ta intanet, ki ware masa wani abu. A tashar ruwa za a yi ta tallata muku yini guda a Marmaris ta Turkiyya, tafiyar awa ɗaya a jirgin ruwa. Kafin ku sayi tikiti ku duba fasfo, idan bizarku ta shiga sau ɗaya ce, kuna fita ta mutu, ba za a bar ku ku dawo Rodos ba, ga kayanku a otal.