Daren Juma'a: Wane Dare Ake Nufi?

Wani mai karatu daga Agege a Legas ya rubuto cewa shi da abokansa suna wasan Nomic, wanda 'yan wasa suke sauya dokokinsa ta hanyar ƙuri'a. Sun kafa doka mai cewa "ana rufe ƙuri'a a daren Juma'a", sai ɗayansu ya jefa tasa ranar Juma'a bayan isha'i, wasu suka ce ya makara. Yana tambaya: wa ya fi gaskiya?

Malam, a Hausar asali waɗanda suka ce ya makara su ne da gaskiya. Bahaushe yana bin lissafin Musulunci, inda dare yake gaban yini, sabuwar rana kuma take kamawa daga faɗuwar rana. Saboda haka daren Juma'a shi ne daren Alhamis wayewar Juma'a, kamar yadda daren Sallah yake nufin daren da za a wayi gari a tafi idi. Mai nufin duhun da ke biyo bayan yinin Juma'a cewa yake yi "ran Juma'a da dare". Sai dai a Legas, inda agogon ofis yake sauya rana da ƙarfe 12 na dare, matasa da yawa sun haɗe maganganun biyu, don haka ban ga alamar abokinku ya yi niyyar maguɗi ba.

Shi wannan wasa, masanin falsafa Peter Suber na Amurka ne ya ƙirƙiro shi, aka fara buga shi a 1982 da dokoki 29 (masu lamba 101 zuwa 116, da 201 zuwa 213), kuma ya tanadi irin wannan gardama. Doka ta 212 ta ɗora alƙalanci a kan ɗan wasan da ya gabaci mai yin wasa a lokacin, ta kuma ce idan doka ta yi shiru ko ta zo da harshen damo, alƙali ya fara duba al'adar wasan da manufarsa kafin wani ma'auni. Nan ne shari'arku take. Idan a makonnin baya kun saba karɓar ƙuri'a ran Juma'a da dare ba wanda ya ce uffan, al'adarku ta riga ta fassara kalmar, kuma a ganina ita ya kamata alƙali ya bi, ko da ta saɓa wa Hausar kakanninmu. Idan kuwa wannan ne karo na farko, ma'anar asali ce za ta yi aiki, ƙuri'ar ta faɗi.

Abin da ba za ku iya ba shi ne ku gyara dokar yau domin ta halatta ƙuri'ar jiya, domin doka ta 107 ta hana kowane gyara komawa baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don gaba, ku cire "dare" daga dokar, ku kuma guji "kwana uku", wanda shi ma darare yake ƙirgawa. Ku rubuta: "ana rufe ƙuri'a ranar Juma'a da ƙarfe 9 na dare, agogon Najeriya."